Rawata da Tsohuwar Hiroshima

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Fagge, a wurin atisaye, har wurin mai shayi, maganar ɗaya ce: "Ɗanlami, wai da gaske fim ka je yi? An yi faɗa a ciki? Wa ya ci wa?" In na ce fim ne wanda ba a magana a cikinsa, sai a fashe da dariya, a ce wanke-wanke na je yi a gidan abinci nake ɓoyewa. To bari in zauna in ba da labarin tun daga tushe, kowa ya huta.

Ni dai sana'ata rawa. Koroso nake takawa tun ina yaro, a wata ƙungiyar 'yan rawa a nan Kano. Shekarar da ta gabaci yaƙin Gulf, wata mata ta zo wurin atisayenmu da kyamara a kafaɗa, gajeruwa, siririya, gashinta a aske kamar na namiji. Aka ce sunanta Noriko, 'yar Japan ce amma a New York take zaune. Abin da ya ba mu dariya, ba ta ɗauki fuskar kowa ba. Durƙusawa ta yi tana ɗaukar ƙafafu. Da aka tashi ta zo ta taɓa akayau ɗin ƙarfen da ke ƙafata, ta kaɗa shi kusa da kunnenta, ta tambayi sunana. Na manta da ita ma. Sai bayan shekara shugaban ƙungiyarmu ya kira ni ya ce matar nan mai ƙafafu ta aiko, tana so in je in yi rawa a fim ɗinta, tikiti da komai a kanta.

Neman biza ya kai ni Legas. Baturen da ke bayan gilashi ya tambaye ni aikina, na ce rawa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Rawa kawai?" Na ce masa ita ma in an yi ta da gaske ta ishi mutum. Ya yi murmushi ya buga hatimi.

Kafin in tashi kowa ya zame mini malamin Amurka, har waɗanda ba su taɓa wuce Zariya ba. Aka ce sanyin can yana yanke kunne. Na je gwanjo na sayi wata katuwar kwat mai gashi a wuya, na sa ta tun daga jirgi. Muna sauka ashe lokacin zafinsu ne, zafi mai ɗanshi irin na Legas. Haka na shiga layin kwastan ina zufa kamar wanda ya saci akuya.

Wata baƙar mata mai kaki ta buɗe jakata. Kilishin da na ɗauko tsaraba ta ajiye shi gefe, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na roƙe ta ta ɗanɗana ko yanki ɗaya ne, ta ƙi. Kuka ta juya ta, ta bari. Daddawa ta shinshina sau ɗaya, ta mayar da sauri ta ɗaure bakin ledar da kanta. Sai ta ciro akayau. Nan fuskarta ta canja. Ta ɗaga shi sama, ta kira wani abokin aikinta, suka yi ta dubawa. Daga baya na gane mari suka ɗauka, irin wanda ake sa wa fursuna. Turancina ya ƙare ƙaf. Da na ga abin zai yi tsawo, sai na karɓa, na tuɓe kwat, na ɗaura a ƙafa, na buga musu taku kaɗan a nan gaban teburin. Layi gaba ɗaya ya juyo. Matar ta riƙe ciki tana dariya, ta ce in wuce. Kilishina dai bai wuce ba. Allah ya sa wanda ya ci ya san darajarsa.

Masaukina gidan Yaya Rifkatu ne, 'yar Wusasa, nas ce a wani asibiti a can. Babanta da babana sun yi aikin reluwe tare, a bariki ɗaya muka tashi, ta goya ni ina jariri. Ranar tana kan aiki, sai ta turo wani direban tasi ya ɗauke ni, dattijo mai furfura a gemu, Baba Isaka, Bahaushen Kumasi. Yana ganina ya ce, "Kai ne Ɗanlami? Rifkatu ya ce in kawo ka. Ya tafi aiki, ya bar maka abinci." Na shiga tunani, wane ne kuma wannan namijin mai suna Rifkatu? Sai da muka yi nisa, na ji yana cewa matarsa "ya haihu" bara, sannan na gane Hausar zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Kafin mu isa mun zama kamar mun shekara tare. Ya tambaye ni farashin goro a Kurmi, na tambaye shi ko akwai masallaci. Ya ce, "Ranar Juma'a zan kai ka Harlem, za ka rantse Sabon Gari kake."

Unguwar su Yaya Rifkatu sunanta Parkchester, a Bronx. Dogayen benaye ne na jan bulo, rututu, kowanne kamar an haife shi tare da ɗan'uwansa. Washegari na fita shan iska, na dawo na shiga wani bene da na tabbata namu ne, na hau lifta, na ƙwanƙwasa ƙofa. Wani tsoho ya buɗe da singileti da ƙaramin kare a hannu. Ni na tsorata da karen, karen ya tsorata da ni. Tsohon ne ya rako ni har gida, yana ta magana da wani yare da ba Turanci ba, ina ta ce masa na gode.

Abin da ya fi damuna a kwanakin farko gaisuwa ce. Ka shiga lifta da mutum, kafaɗarku na gugar juna, ka ce masa ina kwana, sai ya dubi silin. Yaya Rifkatu ta ce, "Ɗanlami, ka daina gaida kowa, za su ɗauka wani abu kake sayarwa." 'Ya'yanta biyu kuwa in na yi musu Hausa suna ji sarai, amma amsa da Turanci za ta dawo. Sunana ma sun gajarce shi, na koma Ankul Dan.

Ran Litinin mijinta, Malam Bulus, wanda ke tuƙa bas, ya koya mini jirgin ƙasa mai lamba shida. Daga unguwarsu a sama yake tafiya, kana kallon rufin gidaje, can sai ya nutse cikin ƙasa kamar gafiya. Wurin aikin Noriko yana can ƙasan Manhattan, a saman wani tsohon bene da aka ce da masaƙa ce. Ɗaki ne faffaɗa, daɓen katako, manyan tagogi. Na tarar da 'yan rawa kamar goma, farare da baƙaƙe, an shafe su da farar ƙasa daga kai har ƙafa. Ba kiɗa, ba waƙa. Wani yana ɗaga hannu, amma kafin hannun ya kai kafaɗa ka gama cin tuwo. Na ce a raina, yau na shigo gidan masu tabin hankali.

Noriko ta rungume ni, abin da ya sa na rasa inda zan sa hannuna, sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali. Fim ɗin a kan bam ɗin nukiliya ne, irin wanda aka jefa wa garin Hiroshima a ƙarshen yaƙin duniya. Ta ce mahaifiyarta tana yarinya a gefen garin ranar da abin ya faru. Ta nuna mini hotuna, gari guda ya zama fili, ba ko bishiya. Na tambaye ta abin da uwar ta ba ta labari. Ta ce, "Ko kalma ɗaya. Duk abin da na sani a littafi na karanta. In na tambaye ta sai ta tashi ta ɗora ruwan shayi."

Aikina kuwa, ta ce, in ɗaura akayau in ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, ba tare da ya yi ƙara ko sau ɗaya ba. Tana so a ga abin da aka yi don ƙara ya yi shiru, kamar yadda garin ya yi.

Jama'a, na sha wuya a rayuwa, amma ban taɓa shan irin wannan ba. Akayau dai don surutu aka ƙera shi. Ina ɗaga ƙafa sai ya ce kacau. Noriko ta ce a sake. In daure, in riƙe numfashi, in kai tsakiyar ɗaki, cinyata ta fara rawa da kanta, kacau. A sake. Mako ya wuce a haka. Kullum in koma gida ƙafafuna kamar ba nawa ba, Yaya Rifkatu ta ba ni man zafi tana tsokanata: "Wai kai da aka ɗauko daga Kano don rawa, tafiya ma ta gagare ka?"

Ranar Juma'a Baba Isaka ya cika alkawari. Bayan masallaci ya kai ni wani ɗan gidan abinci a Harlem, muka ci shinkafa da miyar gyaɗa tare da wasu 'yan Nijar masu sayar da agogo a bakin titi, suna Hausa suna yayyafa mata Faransanci. Na faɗa musu matsalata. Ɗaya ya ce in cusa auduga a cikin akayau ɗin, wa zai sani? Na gwada kuwa. Noriko na ɗaga ƙafata ta gani, ta zare audugar da yatsa, ta ce kyamara tana gane ƙarya.

A mako na biyu na ji mai riƙe kyamara yana ce wa Noriko lokacin hayar kayan aiki ya kusa ƙarewa, gara a cire ɓangarena. Ba su san na ji ba. Ranar a jirgi ban ga rufin gida ko ɗaya ba. Tunanina kawai yadda zan sauka a Kano a tambaye ni fim, in ce an cire ni saboda na kasa tafiya.

Washegari Yaya Rifkatu ba ta da aiki, ta ce za ta bi ni ta ga wannan abin da ya hana ƙaninta walwala. Muka tarar da baƙuwa a ɗakin: wata 'yar tsohuwa ƙarama, da farar hula da jakar leda, zaune a kan kujera ta haɗa gwiwoyi. Mahaifiyar Noriko ce. Ta kawo wa 'yarta abinci ne, ba ta taɓa tsayawa kallo ba sai ranar. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida manya, na ce, "Sannu Baba." Ta zaro ido ta yi dariya. Ashe a yarensu ma kusan haka ake kiran tsohuwa. Ta buɗe jakarta ta ba ni wani curin shinkafa an naɗe shi da baƙin ganye mai ƙarnin kifi. Na ci don kunya, na ƙara na biyu don daɗi.

Aka fara atisaye. Mutanen nan masu farar ƙasa suka yi ta narkewa a hankali, ni kuma na yi ta kacau ana cewa a sake. Baba tana kallo, fuskarta ba ta nuna komai. Da aka tafi hutu, ta yafito ni, ta nuna akayau, ta buga tafin hannunta da sauri, alamar in yi irin tamu. Na dubi Noriko, ta ɗaga kafaɗa.

Mako biyu ƙafafuna suna ɗaure. Ban jira kiɗa ba. Yaya Rifkatu ta jawo wata robar shara ta kifa ta, ta fara buga mini, ashe ba ta manta bariki ba. Na saki jiki. Daɓen katakon nan ya ɗauka, tagogi suka amsa. Na yi sama, na dawo, na juya. Fararen 'yan rawa suka kewaye ni suna tafi, farar ƙasa na tashi daga hannuwansu. Ina juyowa sai na ga Baba a tsaye. Ta ajiye jaka, ta ɗaga hannaye sama tana juya su, tana taku gaba, taku baya, tana wata waƙa da siririyar murya. Na rage sauri na bi takunta, ita ma ta biyo nawa. Muka zaga ɗakin tare, ni da tsohuwar da ba mu da kalma ɗaya ta gama gari, tana dariya har hularta ta faɗi.

Da ta gaji ta zauna, tana haki, sai ta fara magana da yarensu, idonta a kan ƙafata. Noriko ta tsaya cak. Can ta durƙusa a gabanta, ta fara juya maganar zuwa Turanci da murya ƙasa-ƙasa, Yaya Rifkatu kuma tana juya mini zuwa Hausa a kunne.

Baba ta ce tana da ƙane, sunansa Kenji. Duk layinsu ba yaron da ya kai shi surutu. Takalmin katako yake sawa, kuma ba ya tafiya sai da gudu, tun daga nesa ake sanin ya taho. Ana gobe abin zai faru, ita da shi sun yi wannan rawar a tsakar gida, rawar bikin bazara ce da yaƙi ya hana a yi. Da safe zai shiga gari tare da 'yan makarantarsu, ya tashe ta da ƙarar takalmi, ta leƙo ta ce masa ya tafi da hayaniyarsa can. Ya yi mata gwalo ya ruga. Ta ce tana jin ƙarar takalmin har ya sha kwana. Ba a ga ko takalmin ba daga baya.

Sannan ta dubi 'yarta ta ce, "Mutanen fim ɗinki duk sun mutu tun kafin a fara. Mu da rai muke. Gari ne mai hayaniya."

Noriko ta kifa kanta a cinyar uwar, uwar tana shafa askakken kan nan. Yaya Rifkatu, wadda ta ce mini aikin asibiti ya ƙafar mata da hawaye, ta jawo gefen mayafinta. Can Baba ta ce wani abu gajere, Noriko ta ɗago tana dariya cikin kuka. Wai cewa ta yi a ci shinkafar nan kafin ta bushe.

Noriko ta sake tsarin fim ɗin cikin kwana biyu. Yanzu da hayaniya zai buɗe: ni da akayau, Baba da takalmin katako da ta sa aka nemo mata, sauran kuma da kayan gida, ba farar ƙasa. Ana tsakiyar rawa za a haska wata babbar fitila, nan take kowa ya ƙame yadda yake. Daga nan ne ɓangaren masu farar ƙasa zai biyo. Mai kyamara ya ce fim ɗin da ya rage a gwangwani ba zai ɗauki maimaici ba, kuma Baba ba za ta iya yi sau da yawa ba.

Da safe muka ɗauka, rana na shigowa ta tagogi. Na yi bisimilla na shiga. Ban taɓa taka koroso irin ta ranar ba, ko a gaban manyan baƙi. Fitilar ta haska ƙafata ɗaya tana sama. Na tsaya. Ban san yadda aka yi ba, abin da ya gagare ni mako biyu sai ga shi ya zo da kansa. Yaron nan kawai nake gani ya sha kwana. Akayau bai ce uffan ba, har Noriko ta ce a yanke. Sai ɗakin ya kaure da ihu, mai kyamaran da ya so a cire ni shi ya fara ɗaga ni sama.

Ana jibi zan taho Yaya Rifkatu ta haɗa walima. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa har maƙwabta suka leƙo. Baba Isaka ya zo da matarsa, Malam Bulus ya yi addu'a irin tasu, Baba Isaka ya yi irin tamu, kowa ya ce amin. Baba ta fito da 'yan sandunanta na cin abinci daga jaka ta tunkari tuwo. Miyar kuka ta yi ta zillewa, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Daga ƙarshe ta ajiye sandunan, ta wanke hannu, ta dubi yadda nake yi, ta kai loma. Ta ce a gaya wa uwar gida a ƙara mata.

Watan jiya kaset ɗin fim ya iso. Bidiyon gidanmu ya ƙi shi, hoto sai birgima yake, wai tsarin Amurka daban ne. Sai da na aro na wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Muka kunna a tsakar gida bayan la'asar, yara da maƙwabta cike. Innata, wadda ta haife ni, ba ta taɓa son sana'ata ba, ko sau ɗaya ba ta je kallona ba. Tana gefe tana tsintar shinkafa, wai ba kallo take ba. Da aka zo inda fitila ta haska, na ga hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ta ce, "Wannan tsohuwar wa ta rasa?"

Ban gaya mata komai ba kafin nan. Na ce ƙaninta, na ba ta labarin a taƙaice. Ta tambayi sunan yaron, ta maimaita shi har ya zauna a bakinta. Sannan ta ture farantin gefe, ta jawo tabarmarta gaban talabijin.

"Mayar da shi farko," in ji ta. "Kuma in ka aika musu, ka ce mata in Allah ya kawo ta Kano, a ɗakina za ta sauka."